Ranar da Inna Mairo Ta Kasa Tsallake Jikarta

Mas'udu malamin gona na Kekun Waje, ɗan marigayi Jibo, shi ne ya ɓata sunan uwarsa. Matarsa Rabi ta sa hannu, maƙwabta sun sa, Ɗanlami mai maganin mayu ma ya ci nasa rabon, amma waɗannan duka rashin sani ne ya ja su. Shi kuwa ya sani. Da kunnensa ya ji, da bakinsa ya ce wa likita ya gane, ya dawo gida ya kulle bakin nan fiye da shekara. Ran da ya buɗe shi kuwa, gara a ce bebe aka haife shi.

Daga hannun dama na Inna Mairo abin ya faro. Tana zaune ba ta aikin komai, sai babban yatsa ya kama murza na kusa da shi kamar mai murza zare. In ta miƙa hannun ta ɗauki ludayi sai ya lafa, tana ajiyewa ya koma. Da rawar ta cinye hannun gaba ɗaya, Mas'udu ya goya ta a bayan babur ya kai ta asibiti a Gusau. Shekara guda ke nan da ba Zamfara jiha.

Likita ya sa ta tafi bakin ƙofa ta dawo, ya lanƙwasa mata gwiwar hannu, ya daɗe yana kallon fuskarta. Sannan ya ce, "Inna, wannan ciwo ne na cikin ƙwaƙwalwa, tsufa kan zo da shi. Turawa na ce masa Fakinsan, mu ciwon karkarwa muke cewa. Ba ya warkewa, amma akwai ƙwayar da ke kwantar da shi in ana sha kullum."

Ya juya wajen ɗanta. "Malam, kai ka yi makaranta, saurara da kyau. Nan gaba fuskarta za ta daskare, ta daina murmushi ko tana cikin farin ciki. Yawu zai riƙa zubo mata. Murya za ta yi ƙasa. Wata rana ƙafa za ta kafe ta ƙi ɗaguwa, balle a bakin ƙofa, ko in mutane sun taru suna kallonta. Ka faɗa wa mutanen gida tun yanzu, kada su ga abin su raɗa masa wani suna."

Mas'udu ya ce, "Na gane, likita."

Ƙwayar wata guda ya saya. A watan nan Inna Mairo har tankaɗe ta yi da kanta, ta dama fura ba ta zubar ba. Da ta girgiza kwalbar ta ji shiru, sai ta tare shi yana shirin fita. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, Malam take ce masa kamar kowa.

"Malam, abin nan ya ƙare."

"Inna, babu mai. Kwana uku babur na jingine, ba ki gani ba?"

Gaskiya ne a shekarun nan mutum kan wuni a layi bai sami ko galan ba. Amma mai ya zo, ya tafi Gusau taron aiki ya dawo, ya ce shagon a rufe yake. Ya koma, ya ce ya manta. Na uku ya ce ai maganin Turawa in ya yi yawa hanta yake ci. Daga nan ba ta sake tambaya ba.

Ciwo kuwa bai manta ba. Duk abin da likita ya lissafa sai da ya zo, ɗaya bayan ɗaya, kamar an aike shi. Bayanta ya ranƙwafa. Tafiyarta ta koma jan ƙafa, taku ƙanana kamar mai tsoron taka ƙaya. Fuskar nan da aka sani da fara'a ta tsaya cak, ido ya rage ƙiftawa. Mutum guda ne a gidan abin bai dama ba, Ummulkhairi, ɗiyar Mas'udu 'yar shekara shida. Takan hau cinyar kakarta ta sa yatsu ta ɗaga mata kumatu.

"Tsohuwa, ki yi dariya mana! Ko haƙoran ne suka ƙare kike ɓoyo?"

"Ina yi, ƙawata," Inna Mairo kan ce, can ƙasa-ƙasa. "A ciki take."

"To buɗe in gani!"

Wata safiya Inna Mairo ta ɗauki buta za ta yi alwala, ta zo dokin ƙofar ɗakinta, ƙafafu suka kafe kamar an zuba musu ƙaro. Ta ce su tafi, suka ƙi. Jiki ya yi gaba, ƙafa na baya, buta na kaɗawa har ruwan ya ƙare a kan zanenta.

Rabi na shara ta ɗago. "Inna, ki fito ko ki koma, kin tsaya kamar wadda aka kira."

Sai ga akuya ta ture wani karan dawa ya faɗo a gicciye a gabanta. Idonta na sauka a kansa, ƙafa ta ɗagu da kanta ta tsallake, tafiya ta warware. Ba ta san dalili ba, ba ta kuma nema ba. Ta dai gane in akwai abu siriri a gicciye a ƙasa, ƙafarta na jin magana. Sai ta bi ta ajiye kara a dokin ƙofarta, wani a gaban randa, wani a hanyar makewayi.

Karan nan ne ya fara ba mata abin faɗa. Matar maƙwabci ta shigo aron turmi ta gani, ta ja Rabi gefe. "Ke, wa ake gitta wa wanga kara? Kuna tsallakewa kuna zaune lafiya?" Rabi ta yi dariya ranar, amma washegari ta share su duka ta tura a murhu, ta hana yara bin ƙofar tsohuwa. Inna Mairo ta sake ajiye wasu, aka sake sharewa.

Bayan kwanaki wata mai jego ta kawo mata jinjiri ta sa albarka, yadda aka saba tun da. Ta karɓe shi da hannu mai rawa, ta zuba masa ido, zuciyarta fal da murna, fuska kuwa ko motsi. Sai yawu ya zubo daga gefen bakinta ya sauka a kan zanen goyo. Uwar ta fizge ɗanta.

"Kurwar ɗana kur!"

Ta fita ko sallama babu. Kafin la'asar babu gidan da maganar ba ta shiga ba: tsohuwar gidan Jibo na kallon jinjiri yawunta na dalala. An ware mata ƙoƙon sha. In ta fito tsakar gida sai a kwashe yara. Babu wanda ya furta kalmar a gabanta, amma ta girma a ƙauye, ta san sunan da ake shirin ba ta. Mayya.

Ta jira Mas'udu ya gama cin tuwo, ta ja jiki ta je ta tsaya kusa da shi. Sai da ta maimaita sau biyu kafin ya ji.

"Ka faɗa musu abin da likita ya ce."

"Inna, maganar mata ce. In na tanka na ba ta girma."

"Sun daina gaishe ni."

"Za su gaji. Ke dai ki daina ajiye karan nan, shi ke jawo miki."

Ya wanke hannu ya fita zaure.

A ƙarshen daminar bara, gero ya fara nuna, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kama Ummulkhairi. Kwana biyu ana jiƙa mata saiwa ana shafa mata man shanu. Safiya ta uku jikinta ya ɗau zafi kamar tukunya a kan murhu, ta fara fizge-fizge, ido ya juye. A cikin wannan hali ta buɗe baki.

"Inna... Inna Mairo... zo..."

Yarinya ce ke neman kakarta, wadda aka raba ta da cinyarta wata da watanni. Amma Rabi ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. "Ta kama suna! Jama'a, ɗiyata ta kama suna!"

Babur na zaure, da mai a cikinsa. Asibitin Bungudu ba wata tafiya ce mai nisa ba. Mas'udu na tsaye aka aika kiran Ɗanlami, yana tsaye Ɗanlami ya iso da jakar fatarsa, bai hana ba.

Ɗanlami ya kunna turare, ya leƙa idon yarinyar, ya girgiza kai. "Ba sai na faɗi komai ba, ɗiya ta faɗa da bakinta. An riƙe mata kurwa. A shimfiɗa ta tsakar gida, wadda ta riƙe ta zo ta tsallake ta sau uku, da ƙafarta, da yardarta. In ta tsallake ta saki ke nan. In ta ƙiya, kun dai gani da idonku."

Inna Mairo na ɗaki ta ji komai. Ba ta yi musu ba. A ranta ta ce in tsallake ne ko sau ɗari ne za ta yi, a gama a ɗauki yarinyar nan a kai ta asibiti. Ta dafa bango ta miƙe. Aka riƙo ta aka fito da ita.

Gidan ya cika. Mata sun yi da'ira, maza sun toshe ƙofar zaure, wasu na leƙe ta kan danga. A tsakiya ga Ummulkhairi a kan tabarma, ƙirjinta na hawa da sauka. Inna Mairo ta ja ƙafa, ta ja ƙafa, har yatsunta suka taɓa bakin tabarmar. Nan ƙafafun suka kafe.

Ta ce da ta dama ta ɗagu. Ta ce da ta hagu. Gwiwoyi suka kama rawa, tafin ƙafa bai bar ƙasa ba. Ido ya fi ɗari a kanta. Ta dubi jikarta, wani tsoro ya kama ta, kada ta yi gaba ta faɗa a kan ɗan ƙirjin nan ta ƙarasa shi. Tsoron ya ƙara ɗaure ta.

"Tsallake!" wata ta ce.

"Tsallake, tsohuwar banza!"

Leɓunanta suka motsa. Wadda ke kusa ta kara kunne, ta ɗago da sauri. "Kara take nema! Kun ji? Wai a ba ta kara!"

Wurin ya ɗauki salati. Rabi ta ce, "Kullum ta Allah tana tsallake kara, safe da marece, ban taɓa ganin ƙafar ta ƙi ba. Yau ɗiyata ce ba ta iyawa?" Sai kuma ta zube a ƙasa ta rungume ƙafafun surukarta tana kuka. "Inna, don Allah, don Annabi, ki sakar mini ita. Mi na yi miki? In nama kike so ga ni, ki ɗauke ni, ki bar mini wagga."

Inna Mairo ta ji kamar ana tsaga mata ƙirji da wuƙa. Kuka take yi, irin wanda ba ta yi ba ko ran da Jibo ya rasu. Amma a ciki yake. Abin da jama'a suka gani fuska ce a daskare, ido a kafe kan yarinya, yatsu na murzawa, da yawu da ya zubo ya ɗiga a tabarma.

"Ku duba! Ku duba bakinta!"

Mata biyu suka cusa hannu a hammatarta suka ɗaga ta sama suka ƙetarar da ita, ƙafafu na reto. Ɗanlami ya ce na dole ba ya ci, sai da yardarta. Aka dawo da ita bakin tabarma. Aka sake. Rana ta take, inuwa ta gudu daga tsakar gida, yarinya na kwance a cikin zafi, ana ta fama da ƙafar tsohuwa.

A nan Inna Mairo ta ɗaga ido ta hango ɗanta a ƙofar zaure. Shekara arba'in ba ta taɓa furta sunansa ba. Ranar ta tattara duk numfashin da ke ƙirjinta ta kira shi.

"Mas'udu."

Ko wadda ke riƙe da ita ba ta ji ba. Amma shi yana kallon bakinta, ya ga abin da ta ce. Ya kawar da kai.

Sai wani dattijo, Malam Bello, baffan Rabi, ya yi gyaran murya. "Malam Mas'udu, a yi magana a fili. Abin nan kowa ya san a nono ake shan shi. Kai ma nononta ka sha. Mu da muka ba ka ɗiya, mi za ka ce muna?"

Duk idon da ke kan uwa ya koma kan ɗa. Ga ƙofa a buɗe, ba a taɓa buɗe masa irinta ba. Abin da zai ce bai fi numfashi uku ba: ciwo ne, na kai ta Gusau, likita ya faɗa mini duk wannan tun kafin ya zo. Ya share gumi, ya dubi ƙasa.

"Uwata ba da shi aka haife ta ba," in ji shi. "Mu nono mai tsarki muka sha. Daga baya ne abin ya same ta. Ta tafi kasuwar Mada, wata mata ta ba ta goro ta ci. Tun ranar hannun ya fara rawa. Ku tambayi kowa, da ba haka take ba."

Dattawa suka gyaɗa kai. Magana ta zauna daidai, ta wanke ɗa, ta wanke jikoki, ta bar tsohuwa ita kaɗai a tsakiyar fili. Inna Mairo kuwa rabonta da Mada tun Jibo na da rai.

Sai bayan azahar, da Ɗanlami ya karɓi zakaran ladansa ya ce shi ya yi iyakar nasa, sannan Mas'udu ya tada babur, Rabi ta rungumi yarinya a baya. Sun isa Bungudu da sauran numfashi kaɗan. Ma'aikacin asibiti ya duba ya ce zazzaɓin sauro ne ya hau mata kai, ya tambaye su ina suka tsaya tun safe. Kafin ya gama ɗaura mata ruwa rai ya yi halinsa. Wannan maganar ma Mas'udu ya haɗiye ta, Rabi kuwa ba ta cikin hayyacin da za ta riƙe ta.

Ba a bar Inna Mairo ta ga gawar ba. Tana ɗaki a kulle ta ji an fita da makara. Washegari aka kwashe tabarmarta da butarta aka kai ɗakin ajiyar harawa, can bayan gida kusa da turken awaki. Mas'udu ya ce don lafiyarta ne, kada wani ya yi mata illa cikin fushi.

Kwanakinta a ɗakin nan ba su da bambanci da juna. A turo mata tuwo a tsohon kwano daga bakin ƙofa, a juya da sauri. Kafin loma ta kai baki rabinta ya watse a ƙasa, kaji su shigo su tsince. An hana ta kara, ko tsinke aka gani a ƙofarta sai an ɗauke. In ƙafa ta kafe a hanyar makewayi haka za ta tsaya, har abin da take gudu ya same ta a tsaye. Ruwa wata rana a kawo, wata rana a manta, sai ta dafa bango ta yi taimama ta yi salla a zaune. Yara kan jefo dutse a kan rufin su ruga. Kitson kanta ya cukurkuɗe, farce ya yi tsawo ya lanƙwashe, wanda ya leƙo ya ƙara samun abin faɗa. In Mas'udu zai duba awakinsa, ta ɗaya gefen yake zagayawa.

Labari bai kai Tsafe ba sai bayan sadakar arba'in. Can ƙanwarta Uwani ke aure. Ta shigo mota ta zo, ta tsaya a ƙofar ɗakin harawa, warin ya buge ta, ta ga abin da ya rage na yayarta. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗebo ruwa da kanta a randar Rabi ba ta nemi izini ba, ta dafa, ta yi mata wanka, ta yanke farce, ta aske gashin da ya ƙi tsefuwa. Sannan ta kara kunnenta a bakin Inna Mairo, ta zauna haka har ta ji labarin duka, kalma-kalma, tun daga likitan Gusau.

Ta iske Mas'udu a zaure yana goge babur.

"Sannu da zuwa, Inna Uwani. Ba a faɗa mini kin..."

"Riƙe sannunka. Ƙarfe ka iya gogewa, uwarka na kwance cikin kashin awaki. Wace mata ce ta ba ta goro a Mada?"

Ya ci gaba da goge babur.

"Da kai nake, mai karatu. Baƙa ce ko fara? A wace rumfa? Kana wurin?"

"Inna, ki rage murya."

"Ita ta rage, mi ya amfane ta? Likita ya faɗa maka ko bai faɗa maka ba?"

Ya ajiye tsumman. "Ya faɗa. Amma ki duba halin da nake ciki ranar. Ɗiyata na mutuwa, gari ya taru a kaina. Da na ce ciwo ne, cewa za su yi ina kare ta don nima na sha. Da sun haɗa da ni, sun haɗa da sauran yaran. Ina da ɗiya mata biyu, wata rana aure za su yi. Aikina a cikin manoman nan yake, wa zai sake karɓar iri daga hannuna?"

"To yanzu gari ya watse. Fita ka faɗa."

"In fita in ce ƙarya na yi? A gaban surukaina? Rabi ta ji cewa da na ɗauki yarinyar tun safe..." Bai ƙarasa ba.

"Au, ashe ka san wannan ma."

"Ki bari ƙura ta lafa, Inna. A hankali za a manta."

"Takardar da likita ya rubuta fa?"

"Ban san inda take ba."

"Ita kuma ta zauna da sunan har yaushe?"

Ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Ta tsufa, Inna Uwani. Kwana nawa ya rage mata? Mu ne za mu daɗe cikin mutanen nan."

Uwani ta juya za ta fita. "Da hannuna na yanke maka cibi," ta ce. "Ban san abin da nake raya wa 'yar'uwata ba ke nan."

Ta tafi wurin mai gari. Ya ce maganar cikin gida ce, kuma ɗanta ne ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a, shi wa ne da zai ƙaryata ɗa a kan uwarsa? Ta tafi wurin liman. Ya ce zato zunubi ne, zai taɓo shi a wa'azi, amma wanda ya ɗaura shi zai kwance. Ta bi gida-gida tana faɗin abin da likita ya ce. Mata suka saurara suka ce, ai dole ki faɗi haka, ciki ɗaya kuka fito. Wata tsohuwa da suka yi 'yanmatanci tare da Inna Mairo, wadda ke wankan gawar mata a unguwar, ta ce mata a fili, "Uwani, kada ki ji haushina. Ran da ta cika ki nemi masu wanka daga Tsafe. Nan babu mai taɓa ta."

Ta dawo ta ce, "Yaya, tashi in tafi da ke. Ɗakina ya ishe mu."

Inna Mairo ta daɗe kafin bakin ya haɗa magana. "In na tafi... na amsa ke nan."

"To ki mutu a nan don su?"

"Nan aka ce na ci jikata. Nan za a ce ban ci ba."

Shi ya sa Uwani ta baro ɗakinta da jikokinta a Tsafe, ta shimfiɗa tabarma a ɗakin harawa. Ta sayar da tunkiyarta ta tafi Gusau neman ƙwayar, ba ta san sunanta ba, babu takarda, masu shago suka ce ta kawo mai ciwon. Babu direban da ya yarda ya ɗauki mai ciwon daga Kekun Waje.

Yanzu wata damina ta sake zagayowa. Inna Mairo ba ta iya juyawa a kan tabarma sai an juya ta. Kunu ma sarƙe ta yake yi. Hankalinta kuwa garau, babu abin da ya taɓa shi, tana jin duk abin da ake faɗa a bayan danga, tana gane tafiyar kowa a gidan. In ta ji an kashe babur a zaure sai idonta ya nemi Uwani, Uwani ta sunkuya ta kara kunne. Tambayar ba ta canzawa.

"Ya faɗa?"

Bai faɗa ba. Yana cin tuwonsa, yana zuwa aikinsa, ana ce masa Malam, ana ba shi wuri a sahun gaba. Har tausayinsa ake ji, wai Allah ya jarrabce shi da uwa.

To ba a nemi ya warkar da ita ba, likita ma ya ce babu mai iyawa. Ba a nemi ya dawo da Ummulkhairi ba. Abin da ake nema a wurinsa shi ne, ranar Juma'a in an sallame, kafin mutane su sa takalma, Mas'udu ya miƙe a ƙofar masallaci, a gaban Malam Bello da mai gari da liman, a kira matan unguwa su tsaya inda za su ji, a kira Rabi. Ya faɗi sunan matar da ta ba uwarsa goro a Mada, ya kai mutane rumfarta. In babu ita, ya faɗi abin da likita ya gaya masa a Gusau, ya faɗi abin da aka gaya masa a Bungudu a kan gawar ɗiyarsa, ya faɗi dalilin da ya sa yarinya ta wuni a rana babur na jingine da mai a ciki. Sannan ya zagayo bayan gida, ya sunkuya ya shiga ɗakin harawa, ya maimaita a kunnen matar da ta haife shi. Kuma ya yi shi a wannan Juma'ar, tun tana ji.